Shawara Ga Mai Son Sayen Bututun Wuta Na Liƙin Ƙarfe

Rano tsohuwar ƙasa ce, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ita da Kano aka yi wa laƙabi da Sarakunan Baba saboda rini. Amma marini bai taɓa zama shi kaɗai a gari ba, gama duk inda ake noma ake cin kasuwa, lalle akwai maƙeri a gefe yana hura zugazugi. Har wa yau haka abin yake a Rano da maƙwabciyarta Kibiya, waɗanda tun shekarar 2024 suke cikin masarauta guda tare da Bunkure. Sai dai kayan da ke karyewa a hannun mutane sun sake. A da fartanya ce da lauje da linzami. Yanzu kuwa, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa a kudancin Kano, an sami ƙarin injin ban ruwa, da famfon feshi, da babur, da amalanke, da sikelin ɗan kasuwa. Kowanensu yana da wani ɗan bututu ko ɗan mariƙi wanda in ya tsage sai aiki ya tsaya cik. Mai walda na lantarki yana nan a bakin hanya, amma ran da babu wuta sai ya ta da janareta, kuɗin mai kuwa a kan mai kaya zai faɗa. Bugu da ƙari ba kowane siririn ƙarfe ke jure waldarsa ba, sau da yawa huda shi take yi.

Wannan ne ke sa magidanci in ya shiga Kano sayayya, ya ga bututun wuta na gas a shagunan Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ransa ya biya, ya ce bari ya sayi ɗaya ya riƙa gyaran ƙananan kayansa a gida. Tunanin ba shi da laifi. Amma bututun nan iri-iri ne, kuma mai sayarwa zai yabi kowanne da lambar zafin da aka buga a jikin kwali. Wanda ya saya domin wannan lamba kaɗai, ya yi cinikin biri a sama.

Kafin a shiga maganar saye, wajibi ne a rarrabe abu uku da baki ya saba haɗawa ya kira su walda. Akwai walda ta ainihi, inda ake narka bakin ƙarfen biyu su kansu har su zama ɗaya. Akwai liƙi mai taushi na kuza da dalma, irin na masu gyaran rediyo da masu toshe bokiti, wanda yakan narke tun zafi bai kai digiri 200 ba. Sa'an nan akwai liƙi mai ƙarfi, shi ne mas'alar da ake kai: a gasa ƙarfen biyu har su yi ja amma ba su narke ba, kana a taɓa musu sandar wani ƙarfe mai saurin narkewa, ta narke ta bi tsakaninsu ta ɗaure su. Masana sun sa iyaka a digiri 450 na ma'aunin Salshiyas. Sandar da ta narke ƙasa da haka ta liƙi mai taushi ce, wadda ta wuce haka ta mai ƙarfi ce.

Yadda narkakken ƙarfen ke shiga tsaga abin lura ne. Ba ɗura shi ake yi ba, tsagar ce ke tsotsarsa da kanta, kamar yadda tawada ke hawa tsagar alƙalamin kara, ko kananzir ke bin lagwani. Saboda haka sharaɗi ne bakin ƙarfen biyu su matsu, ratarsu kada ta wuce kaurin takarda, watau wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Sharaɗi ne kuma a goge tsatsa da fenti da maiƙo da magagari ko samfefa har wurin ya yi ƙyalli, sa'an nan a shafa sinadari, mafi yawa hodar boras da aka dama da ɗan ruwa, domin ta hana wurin yin baƙi in ya ji wuta. Kalmar sinadari ɗin nan, wadda yau ake faɗa wa abin da ke cikin sabulu da taki da magani, a bakin maƙera ta tsufa, kuma malamai za su ji tana kama da nushadir na Larabci, gishirin nan da masu liƙi suka daɗe suna amfani da shi. Aikin dai ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Maƙeran fari, masu azurfa da tagulla, sun daɗe suna liƙa zobe da mundaye a kan garwashin gawayi tun ba a san gas ba, kuza kuwa a nan kudu ake haƙo ta, a Riruwai. Abin da gas ya kawo shi ne wutar da mutum ke riƙewa a hannu ya kai ta inda yake so.

To, ga inda masu saye ke ruɗewa. Zafin harshen wuta daban, yawan wutar daban. Harshen ashana ya ninka zafin tafasasshen ruwa sau da yawa, amma ba a taɓa jin wadda ta tuƙa tuwon gida da ashana ba. Gas ɗin girki in ya ƙone da iskar sarari harshensa yakan haura digiri 1,900, alhali kuwa sandar tagulla, watau gamin jan ƙarfe da tutiya, tana narkewa a wajen digiri 900. Da lamba ce ke aiki, da kowane ɗan bututu ya narka tagulla a kan kowane ƙarfe. Amma ƙarfe shan zafi yake yi yana watsarwa, yana tura shi cikin sauran jikinsa, iska kuma tana kwashewa. In abin da ke fita ya kai abin da ke shiga, ko an wuni ana gashi wurin ba zai yi ja ba, gas ne kawai zai ƙare. Jan ƙarfe ya fi baƙin ƙarfe wannan hali nesa ba kusa ba. Ashe ke nan tambayar da ta kamaci mai saye ya yi wa kansa tun yana gida ita ce: mene ne mafi nauyin abin da zai riƙa liƙawa? Amsar wannan ita za ta zaɓar masa bututu.

Wanda aikinsa bai wuce ɗan kunne da zobe da waya da firam ɗin tabarau ba, ƙaramin nan da ake ɗaura wa a kan gwangwanin gas ya ishe shi. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada. Illarsa ita ce gwangwanin ba ya daɗewa, ba a kuma yi shi don a sake cikawa ba, masu ɗura masa gas daga babbar tukunya da ransu suke wasa. In ya ƙare sai an nemi sabo, ba lalle ne kuwa a same shi a kasuwar ƙauye ba. Wasu irinsa in an karkata su ƙasa sai ruwan gas ya gangaro baki, wuta ta yi tsalle ta zama ja mai faɗi. Akwai kuma yayansa mai doguwar kwalba ruwan ɗorawa, wanda masu gyaran firji ke so, ana rubuta MAP a jikinsa. Ya kamata a san cewa ainihin gas ɗin da ya yi suna da sunan MAPP an daina yinsa a Amurka tun 2008. Abin da ke cikin kwalaben yanzu wani gas ne dangin na girki, ya ɗan fi shi zafi da saurin gasa ƙarfe, amma fifikon bai kai bambancin kuɗin ba ga mutumin da ba sana'arsa ke nan ba.

Wanda ya fi dacewa da gida irin na Rano da Kibiya shi ne bututu mai tiyo, wanda ake haɗawa da tukunyar gas ta girki, mai kilo 6 ko mai kilo 12.5. Dalili kuwa a fili yake. Gas ɗinsa shi ne wanda ake cikawa a gari, tun da kamfanin NLNG na Bonny ya fara ba kasuwar cikin gida a 2007 ya yi ta yaɗuwa har ya iso ƙananan garuruwa. Kuma bakinsa ana kwancewa a sa wani, siriri domin ƙaramin aiki, mai faɗi domin babba. A jikin takardar kowane baki na kirki akan rubuta yawan gas da yake ci a awa guda, wannan ce lambar da ta cancanci a duba, gama ita ke nuna yawan wutar. Lissafin ɗan kasuwa ne: bakin da ke cin rabin kilo a awa zai ƙarar da tukunya mai kilo 6 cikin awa 12, liƙi guda kuwa bai cika wuce 'yan mintoci ba.

Amma fa akwai wani tarko a nan, kuma shi ke sa mutum ya koma wa mai shago da faɗa a kan an sayar masa da jabu. Regileta, watau kan nan da ake ɗaura wa tukunya ya daidaita fitar gas, wanda ke kan murhun girki an yi shi ne ya saki gas a hankali, wajen milibar 30. Bututun liƙi mai tiyo kuwa galibi yana neman matsin da ya kai bar 2, wani har 4, watau ninkin na girki sau sittin da ɗoriya. In aka haɗa shi da regiletar girki sai wuta ta fito ja, laɓo-laɓo, tana hayaƙi. Maganin abin shi ne a sayi regiletar da aka yi dominsa, mai abin murɗawa, tare da tiyo ɗin da aka buga wa shaidar jure wannan matsi. Abin da ba a yi shi ne cire regileta a ɗaura tiyo kai tsaye a bakin tukunya, ko a nemo tiyon ban ruwa a ɗaure da roba. Gas yana cin irin wannan tiyo har ya tsattsage. Da sanyin safiyar hunturu kuma ƙarfin gas yakan ragu cikin tukunya, musamman in ya kusa ƙarewa. Sai a jira hantsi. Ba a kara tukunya kusa da wuta domin ta yi ɗumi.

Sa'an nan ga wani sirri da bututun ba ya zuwa da shi cikin kwali, sai a wurin maƙeri ake ganinsa. Maƙeri ba ya gasa ƙarfe a sarari. Cusa shi yake yi cikin gawayi, wuta ta rufe shi ta kowace fuska, zafi ya rasa hanyar gudu. Mai bututun gas ma haka ya kamata ya yi. Ya sami bulon da ke jure wuta, in babu ya nemi busasshen jan bulo, ya jera ɗaya a ƙasa biyu a tsaye su yi kusurwa, ya ajiye aikin a ciki, ya kewaye shi da 'yan gutsattsarin gawayin ƙirya. Da wuta ta taɓa su sai su kama, su riƙa mayar wa ƙarfen zafin da da ya tafi a banza. Ƙarfen da ya gagari bututu a fili, sau da yawa a cikin wannan kusurwa sai ya yi ja cikin ɗan lokaci. Kada dai a yi wannan da bulon siminti ko dutse mai laima, gama suna fashewa su watso wa mutum a fuska.

Saura babban, mai tukunya biyu da tiyo biyu, wanda ake haɗa gas da tsantsar iskar oksijin. In gas ɗin girki ne wutarsa takan kai wajen digiri 2,800, in kuwa asitilin ne ta haura 3,100, har ta narka baƙin ƙarfe ta yanka shi. Wani masani Edmund Davy ya gano asitilin a 1836. A 1892 Thomas Willson ya sami hanyar yin dutsen kabayid da yawa a Amurka, dutsen da in an zuba masa ruwa yake fitar da wannan iska, kana a 1903 Faransawa biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, suka fito da bututun da ke haɗa ta da oksijin. Jikar wannan aiki ita ce tukunyar kabayid da ake gani wurin masu gyaran lagireto da salansa. Babu shakka ita ce sarauniyar wuta, kuma mai ganin yadda take aiki dole ta burge shi. Duk da haka ba kayan cikin gida ba ce. Kilo guda na kabayid yana ba da iskar da ta kai wajen lita 300, kuma asitilin yana da wani mugun hali: in matsinsa ya wuce bar ɗaya da ɗan kai yana iya fashewa da kansa ko babu iskar waje a tare da shi. In ya daɗe yana bi ta bututun jan ƙarfe yakan haifar da wani gari mai fashewa. Oksijin kuma in ya haɗu da man shafawa ko giris a bakin tukunya sai ya kama da wuta ba tare da ashana ba. Wuta tana iya komawa da baya ta cikin tiyo, shi ya sa ake sa wani ɗan ƙarfe mai tare ta a kowane layi, abin da tukunyar da aka ƙera a bakin titi ba ta cika samu ba. Gidan da ke da yara, da rumbu, da dangar kara, da mata na girki a tsakar gida, ba wurin wannan ba ne. Wanda ya yi niyyar ya mai da abin sana'a, sai ya zauna gaban mai sana'ar ya koya, ya kuma kafa rumfarsa a waje. (Kabayid ɗin nan dai shi ne wasu ke nuna mangwaro da ayaba da shi, abin da hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kai saboda gubar da yake bari.)

Zaɓen bututu ba ya cika sai an haɗa shi da zaɓen sanda, a nan kuwa akwai ciniki mai daɗin lissafi. Sandar tagulla ita ce mai araha, amma tana neman wuta mai yawa. Sandar da aka gama da azurfa tana da tsada, amma takan narke tun daga wajen digiri 650 zuwa 750, lokacin da ƙarfe bai wuce ja mai duhu ba, kuma kaɗan ake sawa domin tsaga ce kawai za ta cika. Watau sanda mai araha tana bukatar wuta mai tsada, sanda mai tsada kuwa ta yarda da wuta mai araha. Ga mai liƙi jefi-jefi, gara ya sa kuɗinsa a sandar azurfa ya tsaya a kan bututu mai tukunya ɗaya. Akwai kuma sandar jan ƙarfe mai fosfaras, wadda ke liƙa jan ƙarfe da jan ƙarfe ba sai an shafa sinadari ba. Ita ba a sa ta a baƙin ƙarfe, liƙin zai yi kyau a ido amma bugu ɗaya ya ɓalle. A tambayi mai shago kuma ko sandar azurfarsa tana da kadmiyom, wani ƙarfe mai hayaƙin guba da ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sawa cikin irin wannan sanda tun 2011.

Maganar guba ta kai ga dalma. Buta, da tukunya, da kwanon sha, da duk abin da ruwa ko abinci zai zauna a ciki, ba a liƙa su da abin da ke da dalma. Mutanen Arewa sun ga aikin dalma a jikin yara a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun da ake niƙawa neman zinariya ta kashe yara wajen 400. Ta liƙi ba ta kisa farat ɗaya haka, a hankali take taruwa cikin jini, ƙananan yara ta fi cutarwa. Akwai liƙin kuza marar dalma, shi za a nema. Kwanon rufi da bututun ruwa masu rufin tutiya kuma in sun ji wuta sukan tashi farin hayaƙi, wanda ya shaƙe shi da rana da dare sai zazzaɓi da makyarkyata. A kankare rufin tukuna, a yi aikin inda iska ke wucewa.

Wasu abubuwan kuwa ko bututun ya iya, bari ya fi. Tankin fetur na babur ko na janareta, ko an juye shi ƙaf, tururin da ya rage a ciki ya isa ya tarwatsa shi. Firjin zamani da yawa iskar da ke cikin bututunsu mai kamawa da wuta ce, sai mai sana'ar ya fitar da ita. Tukunyar alminiyum tana narkewa a digiri 660 ba tare da ta yi ja ta ba da sanarwa ba, mutum yana cikin gashi sai ya ga rami. Ruwan fartanya da gatari da garma, da duk abin da maƙeri ya ba shi tauri da wuta da ruwa, gashin liƙi yana kashe masa kaifi, hanyarsa ita ce maƙera. Haka kuma ƙarfen birki da abin da ke ɗauke da nauyin mutum a kan babur, ba wurin koyon hannu ba ne.

In an je saye, kada a karɓi kaya a ƙulle cikin kwali. A sa mai shago ya haɗa bututu da tiyo da regileta a kan tukunya a gaban mai saye, a buɗe gas, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa, nan ke yoyo. Ba a gwada yoyo da ashana. A kunna a ga wuta shuɗiya mai tsini a tsakiya, tana ƙara tana raguwa da murɗawar yatsa, tana kuma mutuwa sarai in an rufe. A duba shekarar da aka buga a wuyan tukunya, gama hukumar SON ta sa wa tukunyar gas wa'adin shekara 15. A gida kuma a tuna gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa ya bi rami da lungu. Saboda haka a ajiye tukunya a tsaye, a inuwa, inda iska ke shiga, ba cikin ɗakin kwana ba, ba kuma cikin ranar bazara ba. Wurin aiki ya zama fili mai ƙasa, nesa da zana da tarin kara, da bokitin yashi a kusa, da tabarau a ido. In an gama, a fara rufe kan tukunya, a bar gas ɗin da ke cikin tiyo ya ƙone, sa'an nan a rufe na hannu.

Ranar farko ba a fara da kayan da ake so. A sami gutsattsarin ƙarfe biyu a ɗora ɗaya bisa ɗaya, a gasa su duka biyu daidai, a fi ba mai kaurin wuta. Idan boras ɗin ya daina kumfa ya kwanta kamar ruwa, lokaci ya yi kusa. A taɓa sandar a jikin ƙarfen, zafin ƙarfen ne zai narka ta, ba harshen wutar ba, in aka narka ta da wuta sai ta dunƙule kamar kashin akuya ta zauna a sama. Bayan ya huce a juya a duba ko liƙin ya ɓullo ta ɗaya gefen, kana a ɗora a kan dutse a buga da guduma. In ƙarfen ya lanƙwashe liƙin bai saki ba, to a ɗauko butar, a liƙe ta, a wanke ragowar sinadarin da ruwan zafi, a cika ta da ruwa a ajiye a kan busasshiyar ƙasa ta kwana, da safe a ɗaga a duba gindinta.